Taurin Man Shafawa a Ƙasar Hausa: Daga Man Kaɗe zuwa Kakin Tsiro

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sayar da man kaɗe a kasuwar ƙauye ya san abin da mai saye takan fara yi tun kafin ta taya. Takan sa ɗan yatsa ta danna curin man, ta ga ko zai lotsa ko zai tsaya, sa'an nan ta lakato kaɗan ta murza a bayan hannu, ta ga ko zai bi jiki. Wannan ɗan gwaji, duk da sauƙinsa, yana ɗauke da tambayar da masana'antun kayan kwalliya na duniya suke kashe dukiya a kanta a yau, watau yaya za a yi mai ya tsaya da taurinsa cikin mazubi, amma ya narke da zarar ya taɓa fata?

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin wannan tambaya a ƙasar Hausa, tare da ɗaukar kudancin Jihar Jigawa, watau ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a matsayin misali. Za a nuna cewa tarihin man shafawa a nan ya bi matakai uku: zamanin man kaɗe, da zamanin basilin, da kuma wannan zamani da ake komawa ga kakin da ake samu daga tsirrai. Abin da ya ɗaure matakan uku shi ne neman tauri madaidaici, kuma a kowane mataki wanda ya mallaki sanin sarrafa taurin shi ne ya ci ribar kasuwar.

2.0 ƘASAR DA YANAYINTA

Kangire tana cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, wadda take maƙwabtaka da Gwaram, ita kuwa Gwaram ta yi iyaka da Jihar Bauci. Dukansu suna ƙarƙashin Kano ne a da, har zuwa ranar 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa. Wannan yanki ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, saboda haka ana ganin manyan itatuwa irin su ɗorawa da tsamiya da kuka da kaɗanya tsaitsaye cikin gonaki, waɗanda manomi yakan bari da gangan in yana sharar gona. Sai dai kaɗanya a nan ta kusa da iyakarta ta arewa. Inda ta fi yawa a Nijeriya shi ne jihohin Neja da Kwara da Kabi da Kaduna.

Yanayin wannan ƙasa yana yi wa man shafawa jarrabawa iri biyu a shekara. Da hunturu, iska takan bushe, sanyin asuba ya sauko ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, fata ta yi furu-furu, leɓe ya tsage, kaushi da faso su kama ƙafa. A lokacin ne aka fi bukatar mai, a lokacin ne kuma yake ƙin lakatuwa. Da bazara kuwa, cikin watan Afrilu, zafi yakan kai digiri 40, man da ya tsaya ƙyam a watan Janairu ya koma ruwa, ya ɓata tufafi da akwati. Man da zai ci waɗannan jarrabawa biyu shi ne ake nema tun da can.

3.0 MAN KAƊE A TARIHI

Man da Bahaushe ya sani kafin zuwan Turawa sun haɗa da man shanu, da man riɗi, da man gyaɗa, da man aduwa, da man kaɗe, sai kuma man ja da alayyadi da fatake ke kawowa daga kurmi. Na riɗi da na gyaɗa da na aduwa ruwa ne. Man shanu yana daskarewa, amma ba ya jure zafi, kuma yakan sauya wari in ba a soya shi ba. Man kaɗe ne kaɗai yake tsayawa curi, a ɗauke shi a ƙwarya a yi tafiyar kwanaki da shi.

Daɗewar wannan mai a Afirka ta Yamma tabbatacciya ce. Binciken tono da Daphne Gallagher da abokan aikinta suka yi a Kirikongo, cikin ƙasar Burkina Faso, wanda aka buga a 2016, ya nuna ana sarrafa ƙwarar kaɗanya a can tun wajen shekara ta 100 Miladiyya. Ibn Battuta, wanda ya ziyarci daular Mali a 1352 zuwa 1353, ya ba da labarin wani ɗan itace da ake daka ƙwallonsa a fitar da mai, ana girki da shi, ana kunna fitila, ana shafawa, har ana cuɗa shi da ƙasa a yi yaɓen gidaje. Mungo Park, wanda ya ga itacen a ƙasar Bambara a 1796, ya yaba wa man da cewa yana shekara bai lalace ba ko da ba a sa gishiri ba, ya fi man shanu fari, ya kuma fi shi tauri. Abin lura ne cewa tauri yana cikin abubuwan da suka fara jan hankalin baƙon. Don tunawa da shi ne masana tsirrai suka daɗe suna kiran itacen Butyrospermum parkii, kafin a tsaya a kan sunan Vitellaria paradoxa.

A ƙasar Hausa kuwa, Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824 ya kuma rasu a Sakkwato a 1827, da shi da yaronsa Lander sun rubuta sunan itacen da "micadania". Mai jin Hausa zai gane nan take cewa mai da kaɗanya ne suka haɗe a kunnen baƙo. Wannan yana nuna cewa da man aka san itacen. Barth, wanda ya iso Kano a 1851, shi ma ya ambaci kaɗanya cikin itatuwan ƙasar, haka nan Dalziel ya shigar da ita cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916.

Amfanin man a gida ya wuce kwalliya. Da shi ake shafe jariri bayan wanka, mai jego tana shafawa, maɗori yana murza targaɗe da shi, ana zuba shi a fitilar aci-balbal, ana kuma haɗa shi da ruwan toka a dafa sabulu. Mai ruwa-ruwa a tandu ake ajiye shi, amma man kaɗe ƙoƙo ko ƙwarya ko ganye ya ishe shi mazubi, domin taurinsa yana riƙe da shi.

4.0 ASALIN TAURIN DA YADDA AKE SARRAFA SHI

Ilmin kimiyya ya bayyana dalilin wannan tauri. Kusan dukkan man kaɗe ya ginu ne a kan sinadarai biyu na maiƙo: sitiyarik, wanda yake daskararre, da oleyik, wanda yake ruwa. Kowannensu yakan kai wajen kashi 40 cikin 100 ko fiye, gwargwadon ƙasar da itacen ya fito. Kaɗanyar Afirka ta Yamma ta fi yawan sitiyarik, don haka manta yake da tauri, ta Yuganda da Sudan ta Kudu kuwa ta fi yawan oleyik, manta yana da laushi ƙwarai. Man kaɗe yana narkewa ne tsakanin digiri 32 da 45, watau daura da ɗumin jikin ɗan Adam, wanda yake digiri 37. Wannan shi ya sa yake tsayawa a ƙoƙo ya narke a tafin hannu, shi ya sa kuma zafin bazara yake cin ƙarfinsa.

Matan da ke wannan sana'a ba su san waɗannan sunaye ba, amma kowane mataki na aikinsu yana da tasiri a kan taurin da za a samu. 'Ya'yan kaɗanya suna nuna ne da farkon damina, a tsinto su in sun faɗo, a cinye naman ko a cire shi. Sai a dafa ƙwarar a shanya. Dafuwar tana hana ta tsira, domin ƙwarar da ta fara tsira ko ta yi fumfuna takan ba da mai mai ɗaci wanda ba ya daɗewa. Bayan an fasa ɓawo, sai a daka, a soya, a niƙa har ta zama ƙullu, a riƙa zuba ruwa ana bugawa da hannu har maiƙon ya taso fari a sama. A kwashe shi a tafasa, ruwa ya ƙone, datti ya kwanta, a tace.

Mataki na ƙarshe, watau hucewa, shi ne ya fi shafar wannan nazari. In aka bar narkakken man ya huce a hankali ba tare da motsawa ba, ɓangaren da ya fi tauri yakan riga sauran daskarewa, ya taru wuri-wuri, man ya fito tsaki-tsaki kamar an zuba masa yashi. In kuwa aka riƙa juya shi da muciya yana hucewa a wuri mai sanyi, ƙwayoyinsa sukan fito ƙanana, su warwatsu daidai, man ya yi sumul. Ma'aikatan masana'anta a yau suna yin wannan aiki da injin sanyaya da na juyawa, amma ƙa'idar ɗaya ce.

4.1 Kalmomin Sana'ar

Harshen Hausa ya tanadi kalmomi masu rarrabe halayen mai daki-daki. Ana cewa mai yana da ruwa-ruwa, ko kauri, ko tauri. In sanyi ya kama man ja ko man gyaɗa ya daina zuba, sai a ce ya yi barci, wanda yake nuna hali ne na ɗan lokaci, da ya ji wuta zai farka. Daskarewa ta fi barci ƙarfi, sandarewa kuma ta fi daskarewa. Abin da ya yi tauri har yana karyewa an ce yana da gautsi, wanda yake jawuwa yana manne wa yatsa yana da danƙo. In maiƙo ya tsattsafo daga jikin abu ya ɓata takarda ko zane, an ce ya yi naso. Waɗannan kalmomi, barci da gautsi da danƙo da naso, sun yi daidai da abubuwan da ake aunawa a ɗakin gwaji. Mai son koyar da wannan fanni da Hausa ba ya bukatar aron kalma a kansu.

4.2 Matsayin Kaki

Akwai wani abu da ya fi man kaɗe tauri wanda Bahaushe ya sani, shi ne kakin zuma, wanda ake samu in an matse saƙar da aka ɗebo daga amya. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 62 zuwa 64. A ƙasashen Rum da Girka an daɗe da sanin haɗa shi da man zaitun da ruwan wardi a yi man shafawa, ana kuma danganta wannan haɗi ga likitan nan Jalinusu na ƙarni na 2. A nan kuwa bukatar hakan ba ta yi tsanani ba, tun da man kaɗe yana tsayawa da kansa. Kaki ya fi tafiya wajen maƙeran fari masu zubin tagulla, daga baya kuma, a zamanin mulkin Turawa, ya shiga cikin kayan da kamfanoni ke saye su fitar.

5.0 ZUWAN BASILIN

Abubuwa biyu da suka faru a ƙasashen Turai da Amurka sun sauya wannan tsari. Na farko, a 1872 Robert Chesebrough ya yi rajistar wani mai da ya tace daga danƙon da ke taruwa a rijiyoyin man fetur na Amurka, ya sa masa suna Vaseline, wanda Hausawa suka mayar basilin. Na biyu, a 1902 Bajamushe Wilhelm Normann ya yi rajistar hanyar taurara mai ruwa-ruwa ta hanyar shigar masa da iskar haidurojin. Daga nan masana'anta ta sami ikon mayar da man gyaɗa ko na auduga daskararre, ba sai ta nemi man da Allah ya halitta da taurinsa ba.

Sakamakon haka ya bayyana a ƙasar Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya bunƙasa, domin masana'antun Turai suna neman manta. Gyaɗa shuka ce ta damina ɗaya. Kaɗanya kuwa takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba a kuma saba dasa ta ba. Hankalin manomi da na 'yan baranda da na hukuma ya koma kan gyaɗa, man kaɗe ya zauna a hannun matan karkara. Jirgin da ya tafi da gyaɗa kuwa shi ya komo da kayan kanti, cikinsu har da basilin da turaruka irin su Bint el Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fara yi a 1920, Hausawa suka kira shi Bintu Sudan.

Bai kamata a ɗauka son kayan Turawa kaɗai ya sa basilin ya karɓu ba. Ya karɓu ne domin ya ci jarrabawar nan biyu. A haƙiƙa shi kansa haɗi ne na kakin fetur da man fetur mai ruwa, kakin yana riƙe da man kamar yadda soso yake riƙe ruwa. Saboda haka yana lakatuwa da hunturu, ba ya saurin tsiyaya da bazara, ba ya tsaki-tsaki, ba ya sauya wari, yana kuma karɓar kowane turare, alhali man kaɗe yana da warin hayaƙi da ba kowace amarya ke so ba. Sannu a hankali kwalbar basilin ta shiga lefe, man kaɗe ya koma maganin targaɗe da na sanyin ƙashi. Abin da aka yi hasara a nan shi ne, a da mai shafa man ta san wadda ta yi shi da yadda aka yi shi, yanzu kuwa sanin haɗin yana can wata ƙasa.

6.0 KOMAWA GA KAKIN TSIRO

Daga ƙarshen ƙarni na 20 kasuwar duniya ta fara juyawa. Masu saye da dama a Turai da Amurka da Japan suna neman kayan kwalliyar da babu fetur cikinsu, wasu ma ba sa son abin da ya fito daga dabba ko ƙwaro, har da kakin zuma. A ɓangaren abinci kuma an tabbatar cewa man da aka taurara rabi da rabi ta hanyar Normann yana cutar da zuciya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2018 a kawar da irin maiƙon da yake haifarwa. Waɗannan dalilai suka mayar da masu bincike ga tsohuwar tambaya: da me za a daskarar da man tsiro?

Amsar da aka fi bi ita ce kakin tsiro. Tsirrai da yawa suna lulluɓe ganyensu ko karansu da kaki don hana ruwan jikinsu tsere wa, farin garin nan da ake gani a jikin karan rake da na dawa misalinsa ne. Waɗanda suka fi shiga kasuwa su ne kanoba, daga ganyen wani itace dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil, mai narkewa a digiri 82 zuwa 86, da kandelila, daga wani tsiro na hamadar Meziko, mai narkewa a wajen digiri 70, sai kakin dusar shinkafa da na 'ya'yan furen rana, waɗanda suke tsakanin biyun. In aka narkar da ɗan kaki cikin mai aka bar shi ya huce, kakin yakan fito da siraran ƙwayoyi masu kama da allura ko faranti, su sarƙe da juna kamar raga, man ya maƙale a tsakaninsu. Nazarin Toro-Vazquez da abokansa a Meziko a kan kandelila a 2007, da na Dassanayake da abokansa a Japan a kan kakin dusar shinkafa a 2009, sun nuna kashi kaɗan cikin 100 ya isa ya tsayar da mai.

Tsayar da mai daban, ba shi taurin da jan-baki ko man leɓe yake bukata daban. Sandan jan-baki dole ya jure zafin jaka da na mota, kada ya karye a leɓe, kada kuma ya yi naso. A nan kakin tsiro yakan gaza kakin fetur, domin kowannensu cakuɗe ne na sinadarai iri-iri, wanda yake sa ragar ta yi rauni. Hanyoyin da ake bi don ƙara taurin guda huɗu ne. Ta farko, ƙara yawan kakin, sai dai in ya yi yawa man yakan yi gautsi ya ƙi bin fata. Ta biyu, gauraya kaki biyu, ko ƙara wa kakin wani sinadarin tsiro mai wuyar narkewa, don ƙwayoyin su fito ƙanana su riƙe juna sosai. Ta uku, zaɓen man da ya dace da kakin, domin kaki ɗaya yakan ba da tauri daban-daban cikin mai daban-daban. Ta huɗu, sarrafa saurin hucewa. Ana auna sakamakon da na'urar da ke sakin allura a kan man a ga zurfin nutsewarta. Wanda ya karanta sashe na 4.0 zai ga cewa hanya ta huɗu ita ce ta mai muciya, allurar kuwa ita ce ɗan yatsan mai saye.

Man kaɗe shi ma ya sami sabuwar daraja, kuma saboda taurinsa ne. Masana'antu suna raba shi biyu, mai tauri da mai laushi. Mai taurin yana tafiya cikin cakulan, musamman tun da Tarayyar Turai ta yi doka a 2000 ta yarda a sa har kashi 5 cikin 100 na wasu man tsirrai guda shida, cikinsu da man kaɗe, a madadin man koko. Mai laushin kuwa yana tafiya cikin man shafawa da sabulu. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan kaɗanya, amma har zuwa 2025 galibin abin da ke fita ɗanyar ƙwara ce, rabawa da haɗawa a waje ake yin su. Wannan ne dalilin da gwamnatin tarayya ta bayar a watan Agusta 2025, lokacin da ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwara na wata shida.

7.0 KAMMALAWA

An ga cewa a mataki na farko tauri da saninsa duk suna hannun matan karkara. A mataki na biyu duka biyun suka koma masana'antar waje. A mataki na uku kayan aikin sun komo ƙasa irin ta Birnin Kudu da Gwaram, domin kaɗanya tana gonakinta, riɗi da gyaɗa ana noma su, dusar shinkafa kuma tana fita daga injinan casa na Jigawa da Kano, amma sanin haɗa su bai komo ba tukuna.

Akwai haɗari guda biyu a gaba. Itacen da yake shekara 20 kafin ya yi 'ya'ya ana sare shi cikin yini ɗaya a yi gawayi ko turmi, domin icensa yana da ƙarfi. Tsofaffin da suka san sana'ar da kalmominta kuma suna ƙarewa. Na farko aikin hukuma ne da masu unguwanni da manoma. Na biyu kuwa ya rataya a wuyan masu nazarin harshe da al'ada. Ya kamata ɗaliban manyan digiri su shiga garuruwa irin su Kangire su tattara sunayen matakan aikin, da na kayan aikin, da yadda ake bambanta mai kyau da marar kyau, su kuma yi haka tare da takwarorinsu na sashen kimiyya, domin a gwada abin da aka ji da baki a kan ma'auni. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai in an adana ta.